Yadda ake tantance ma'aikata bisa ƙa'idar ISO 10667, daga tsara buƙata har bitar sakamako

Shekarun baya an saka ni cikin kwamitin da zai ɗauki mai kula da sito a wani kamfanin sayar da kayan masarufi. Da na isa sai na tarar an riga an buga jarrabawar, wani ya sauko da ita daga intanet. Tambayoyi hamsin ne: babban birnin ƙasa kaza, kalmomin Turanci masu ma'ana ɗaya, da 'yan lissafin jerin lambobi. Cikin masu neman aikin akwai wani magidanci da ya shekara goma sha biyu yana riƙe da sito a kasuwa. Ina kallonsa yana juya takardar, yana share gumi da bakin rigarsa, har lokaci ya cika bai kai rabi ba. Wanda ya zo na ɗaya saurayi ne mai kaifin kai, aka ba shi makullai. Bayan wata huɗu lissafin buhuna ya rikice. Bai ɗauki ko ƙwaya ba, kawai dai bai san yadda ake daidaita katin kaya da abin da ke jibge a ƙasa ba, kuma babu tambaya ko ɗaya a jarrabawarmu da ta taɓo wannan.

Har yau abin yana damuna, domin mutum biyu muka zalunta a rana guda: wanda muka hana aikin da ya iya, da wanda muka ɗora wa aikin da bai iya ba. Laifin kuma ba na wanda ya rubuta jarrabawar ba ne shi kaɗai. Namu ne da muka karɓa muka yi amfani da ita ba tare da mun tambayi kanmu me muke son aunawa ba. Irin wannan ɓarnar ce ƙa'idar ISO 10667 ta zo ta toshe.

Mece ce wannan ƙa'ida

Hukumar ISO mai tsara ma'aunan inganci ta duniya, wadda ke da mazauni a Geneva ta ƙasar Suwizalan, ita ta fitar da ISO 10667 a shekarar 2011, ta kuma sabunta ta a 2020. Tushenta na Jamus ne: tun 2002 Jamusawa suke da tasu ƙa'idar mai suna DIN 33430 kan gwada cancantar masu neman aiki, kuma daga can aka ɗauko tunanin a faɗaɗa shi ya zama na duniya.

Kashi biyu gare ta, kuma wannan rabon shi ne hikimarta. Kashi na ɗaya yana magana da mai aiki, wato ma'aikatar da ke son a tantance mata mutane. Kashi na biyu yana magana da mai gudanar da tantancewar, ko kamfanin ƙwararru ne na waje ko sashen kula da ma'aikata na cikin gida. Abin lura shi ne mai aiki ba zai biya kuɗi ya naɗe hannu ya ce sauran na ɗan kwangila ne ba. Akwai nauyin da ke wuyansa daga farko har ƙarshe.

Ba ɗaukar sababbin ma'aikata kaɗai ta shafa ba. Ta haɗa da ƙarin girma, duba ƙwazon shekara, zaɓen waɗanda za a horas, shirya magadan shugabanni, jin ra'ayin ma'aikata gaba ɗaya, da irin tantancewar nan da ake tambayar shugaban mutum da abokan aikinsa da na ƙasa da shi. Hanyoyin ma duka ta game su: ganawar baki da baki, jarrabawar takarda ko ta kwamfuta, gwajin hali, gwajin aiki a aikace, har da duba takardun neman aiki.

Ba doka ba ce, babu wanda za a kai kotu don bai bi ta ba. ISO kanta ba ta ba kowa satifiket, wasu hukumomi masu zaman kansu ne ke duba kamfani su shaida yana bin ƙa'idar. Takardar kuma sayar da ita ake yi, ko ta shafin ISO ko ta hukumar ma'auni ta ƙasarka, kamar SON a Najeriya. Duk wanda wannan ne sana'arsa ya kamata ya mallaki kwafi. Abin da zan bi da kai a nan shi ne yadda ake aikin a aikace, bisa jerin da ƙa'idar ta shimfiɗa: shiri, yarjejeniya, gudanarwa, sai bita.

Mataki na farko: ka san abin da kake nema

Kafin ka kira kowane kamfani, ɗauki takarda ka amsa tambayoyi uku. Wane hukunci za a yanke da sakamakon? Su wa za a gwada, kuma su nawa? Mene ne mutum yake buƙata don ya yi wannan aikin da kyau?

Tambaya ta uku ce ke cin lokaci, kuma ita ce ake yawan tsallakewa. Takardar bayanin aiki da ke cikin fayil ba ta isa ba, galibi an kwafo ta ne daga wani wuri tun shekaru. Tashi ka je inda ake aikin. Zauna da mutum uku ko huɗu da kowa ya shaida sun iya, da wanda ke shugabantarsu, ka ce su ba ka labarin ranar da wani ya yi abin da ya ceci aikin, da ranar da wani ya yi abin da ya ɓata shi. Wannan dabara ta tattara muhimman aukuwa John Flanagan ne ya bayyana ta a 1954, kuma har yanzu ban ga wadda ta fi ta sauƙi da amfani ba. Da mun yi haka a sito ɗin nan, da mun ji labarin ranar da direba ya kawo buhu ɗari da casa'in da takwas takarda na cewa ɗari biyu, mai sito ya ƙi sa hannu sai da aka sake ƙirgawa a gaban kowa. Labari ɗaya ya ba ka abubuwa uku da za ka auna: ƙirga da lissafi, kula da rubutu, da iya tsayawa a kan gaskiya gaban mai matsa lamba.

Daga labaran ka fitar da halaye da ƙwarewa biyar zuwa bakwai, kada su fi haka. Ka raba su gida biyu: waɗanda dole mutum ya zo da su ranar farko, da waɗanda za a koya masa cikin mako biyu. Na gida na biyu ba a kayar da mutum a kansu.

Wannan mataki shi ne kuma garkuwarka ranar da aka ƙalubalance ka. A Amurka, a shari'ar wani ma'aikaci mai suna Griggs da kamfanin lantarki na Duke Power a 1971, Kotun Ƙoli ta duba sharaɗin da kamfanin ya gindaya na takardar gama sakandare da cin gwajin basira guda biyu kafin a matsar da ma'aikaci zuwa sassa masu albashi mai kyau. Sharaɗin ya fi kayar da baƙaƙen fata, kamfanin kuma ya kasa nuna alaƙarsa da iya aikin. Kotun ta yanke cewa gwaji irin wannan sai an tabbatar yana da nasaba da aikin. Afirka ta Kudu ta sa makamancin haka cikin sashe na 8 na dokarta ta adalci a wurin aiki ta 1998: an haramta gwajin ƙwaƙwalwa da hali a kan ma'aikaci sai an nuna a kimiyyance cewa ingantacce ne, ana iya amfani da shi ga kowa bisa adalci, kuma bai karkata ga cutar da wani rukuni ba.

Mataki na biyu: zaɓen ma'auni

A nan ƙa'idar ta nace a kan abu guda, wato hujja. Duk hanyar da za a bi sai an sami shaidar cewa tana aiki. Shaidar iri uku ce, kuma duk wanda ya taɓa awo a kasuwa zai gane su.

Na farko, dacewa. Mudu ma'auni ne mai kyau, amma ba a auna yadi da shi. Tambayar ita ce: gwajin nan yana auna abin da ake cewa yana aunawa, kuma wanda ya ci shi ya fi iya aikin daga baya? Na biyu, tsayuwa. Sikelin da yau ya ce buhu kilo hamsin ne, gobe ya ce arba'in da shida, ba a ciniki da shi. Ana bayyana tsayuwar gwaji da lamba tsakanin 0 da 1. Masana sun saba ɗaukar 0.70 a matsayin mafi ƙarancin abin karɓa, idan kuma hukuncin ya shafi abincin mutum an fi son 0.80 zuwa sama. Na uku, adalci: mutum biyu da iyawarsu ɗaya su sami damar cin maki ɗaya, ko da ɗaya mace ce, ko makaho ne, ko a ƙauye ya yi makaranta.

Game da wace hanya ta fi hango iya aiki, an daɗe ana bincike. Frank Schmidt da John Hunter sun tattara sakamakon binciken shekara 85 suka wallafa a 1998. A lissafinsu, inda lambar da ta fi kusa da 1 ke nuna hanyar ta fi hango iya aiki, gwajin aiki a aikace ya sami 0.54, gwajin basira 0.51, tsararriyar ganawa 0.51, ganawar kara-zube 0.38, yawan shekarun aiki 0.18, duba rubutun hannu don gane hali kuwa 0.02, wato daidai da babu. A 2022 Paul Sackett da abokan aikinsa suka sake lissafin da gyaran wasu kurakurai, lambobin suka sauka: tsararriyar ganawa ta hau kan gaba da 0.42, gwajin basira ya koma 0.31. Darasin da na ɗauka daga duka biyun shi ne babu hanya ɗaya da ta isa ita kaɗai, kuma hanyar da ta fi araha, wato ganawa, tana cikin mafi ƙarfi idan an tsara ta.

Tsararriyar ganawa ba wani abu ne mai wuya ba. Tambayoyi iri ɗaya ga kowa, a jere ɗaya, kowace tambaya an ciro ta daga labaran mataki na farko. Kafin ranar an rubuta yadda amsa mai maki ɗaya take, da mai uku, da mai biyar. Kowane ɗan kwamiti ya rubuta makinsa shi kaɗai kafin a tattauna. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci ƙwarai a wurinmu, inda idan babba ya fara magana ya ce yaron nan ya burge ni, ƙananan ma'aikata ba za su iya musa masa ba. In kowa ya riga ya rubuta, kunya ba ta goge tawada.

Idan kamfani ya kawo maka gwajinsa, nemi littafin bayanan fasaha na gwajin, ka yi masa waɗannan tambayoyi. A kan su wa aka gwada shi, su nawa, a wace ƙasa, a wace shekara? Nawa ne lambar tsayuwarsa? Wane bincike ya nuna yana hango iya irin wannan aikin? Wa ya horas da waɗanda za su gudanar da shi su kuma fassara sakamakon? Mai gaskiya zai amsa, har ya gaya maka inda gwajinsa yake da rauni, domin kashi na biyu na ƙa'idar ya ɗora masa ya ba da shawarar da ta dace da buƙatarka ko da ba ita ta fi kawo masa riba ba. Wanda ya ce wannan sirrin kamfani ne, ko ya ce manyan bankuna duk da shi suke amfani, bai amsa maka komai ba.

Batun harshe kuma kada a raina shi. Gwajin lissafi da aka rubuta da Turanci mai nauyi ya zama gwajin Turanci. Idan aikin yana buƙatar Turanci ko Faransanci, a auna wannan daban da sunansa. Idan ba ya buƙata, a sauƙaƙe harshen ko a mai da gwajin Hausa. Amma fassara ba a ba wani malami ya juya kalma da kalma ba ce. Hukumar gwaje-gwaje ta duniya, ITC, tana da jagora kan fassara da daidaita gwaji, bugu na biyu ya fito a 2017, kuma jigonsa shi ne a duba harshe da al'ada tare, a sake gwada fassarar a kan mutanen da za a yi wa amfani da ita. Ɗauki gwajin hali da ke tambaya ko kana son yin magana a kan nasarorinka. A Ingila mai cewa e ana iya ɗaukarsa mai ƙarfin zuciya. Bahaushen da aka tarbiyyantar a kan cewa yabon kai jahilci ne zai ce a'a, gwajin ya rubuta shi a matsayin mai noƙewa, alhali shi ke jan sashensu.

Mataki na uku: yarjejeniya a rubuce

Ƙa'idar ta buƙaci a rubuta yarjejeniya tsakanin mai aiki da mai gudanarwa kafin a fara, ko da duka biyun ma'aikata ɗaya suke. A ciki a faɗi manufar tantancewar, hanyoyin da za a bi, wa zai yi me, jadawali, kuɗi, wa zai ga sakamako, ina za a ajiye bayanai da tsawon lokacin ajiyarsu, yadda za a saurari ƙorafi, da abin da za a yi idan wani abu ya sauya a tsakiyar aiki. Idan kamfanin zai ba wani kamfani wani ɓangare, misali hayar ɗakin kwamfutoci, nauyin yana nan a kansa.

Jumla ɗaya nake roƙon kowa ya sa: ba za a yi amfani da sakamakon don wata manufa ban da wadda aka faɗa ba. Na taɓa ganin an ce wa ma'aikata gwajin horaswa ne, suka saki jiki suka faɗi inda suke da rauni, bayan wata shida aka zaro sakamakon aka rage ma'aikata da shi. Tun daga ranar babu wanda ya sake faɗin gaskiya a wata takarda ta ma'aikatar.

Mataki na huɗu: sanar da waɗanda za a gwada

Ƙa'idar tana da rataye na musamman kan haƙƙoƙi da nauyin wanda ake tantancewa. Kafin ranar, kowa ya sami bayani a rubuce, cikin harshen da yake ganewa: me ya sa ake gwada shi, wane irin gwaji ne, tsawon lokacinsa, me zai zo da shi, wa zai ga sakamakonsa, ko za a gaya masa yadda ya yi, da wanda zai kai wa kuka. A ba shi misalin tambayoyi biyu ko uku ya gani. Wannan ba satar amsa ba ce, rage tazara ce tsakanin wanda ya saba da irin jarrabawar da wanda bai taɓa gani ba. Sannan a karɓi amincewarsa. Shi ma akwai nasa nauyin: ya bi umarni, ya amsa da gaskiya, kada ya fitar da tambayoyin waje.

A cikin takardar gayyata a tambaya ko akwai mai buƙata ta musamman. Makaho yana iya buƙatar manhajar karanta allo ko mai karanta masa, kurma mai fassara da hannu, mai keken guragu ɗaki a ƙasa, mai shayarwa ɗan hutu. A Najeriya dokar hana nuna bambanci ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta nemi ma'aikatun gwamnati su yi iya ƙoƙarinsu kashi 5 cikin ɗari na ma'aikatansu su kasance daga cikinsu. Ba za a kai ga haka ba idan ɗakin jarrabawa yana hawa na uku kuma babu lif. A duba kalanda ma: kada a sa gwajin awa uku ya ratsa lokacin sallar Juma'a ko safiyar Lahadi.

Amsoshin mutum da makinsa bayanan sirri ne. ISO 10667 ta ce a bi dokar ƙasar da ake aikin. A Tarayyar Turai dokar kare bayanai ta GDPR ce tun 2018, a Ghana dokar kare bayanai ta 2012, a Najeriya dokar kare bayanai ta 2023, wadda ta wajabta sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, cikin awa 72 idan bayanai suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da masu su. Manna jerin sunaye da maki a allon sanarwa, ko tura shi zauren WhatsApp na manajoji, ya saɓa wa wannan amana.

Mataki na biyar: ranar gwaji

Sharaɗin ranar ɗaya ne: kowa ya sami yanayi iri ɗaya. Umarni a rubuce, mai sa ido ya karanta shi kamar yadda yake ba ƙari ba ragi. Lokaci ɗaya. A tabbatar da shaidar kowa a ƙofa, domin zaman jarrabawa a madadin wani ba sabon abu ba ne. Idan ta kwamfuta ce, a gwada kowace na'ura tun jiya, a tanadi janareta da mai, a tabbatar manhajar tana adana amsa idan wuta ta ɗauke. A ba wanda bai saba da linzamin kwamfuta ba minti biyar ya gwada hannunsa kafin agogo ya fara, sai dai idan iya kwamfutar ne ake aunawa.

A ajiye littafin aukuwa. Duk abin da ya faru a rubuta da lokacinsa: intanet ta yanke a layi na uku daga 10:20 zuwa 10:34, wata ta fita da ciwon kai, an kama wani da waya. Ranar da mutum ya zo da ƙorafi, wannan littafin ne zai raba gardama, kuma da shi za a yanke ko a sake masa gwajin.

Lafiyar mutane ma tana cikin aikin. Ranar 15 ga Maris 2014 an tara dubban ɗaruruwan masu neman aikin hukumar shige da fice ta Najeriya a filayen wasa na Abuja da wasu birane a rana guda, don guraben da ba su kai dubu biyar ba. Turmutsitsi ya ɓarke, aƙalla mutum 16 suka rasu. Allah Ya jiƙansu. Duk mai shirya tantancewa ya riƙe wannan rana a ransa. Ana fara tacewa ne daga takardu bisa sharuɗɗan da aka bayyana tun farko, a kira adadin da wurin zai ɗauka, rukuni-rukuni, kowa da sa'arsa da kujerarsa, da ruwan sha da inuwa.

Mataki na shida: karanta maki

Maki shi kaɗai ba ya magana. Wanda ya sami 32 cikin 50, ya yi ƙoƙari ko bai yi ba? Sai an kwatanta shi da wani abu: ko da rukunin mutane irinsa da suka taɓa yin gwajin, ko da matakin da aka tabbatar aikin yana buƙata. Idan rukunin kwatancen ɗaliban jami'a ne na Amurka, kai kuma direbobi kake ɗauka a Maraɗi, kwatancen ba shi da ma'ana. Makin ci kuma a tsayar da shi kafin a ga sunaye. Da zarar an ga sunaye, layin zai fara motsi don ya kama ɗan wane.

Sai kuskuren awo, wanda mutane da yawa ba su taɓa ji ba. Kowane gwaji yana da ɗan lilo. A ce makin gwaji yana bazuwa da ma'aunin karkata 10, wato gwargwadon nisan da makin mutane ke yi da matsakaici, tsayuwarsa kuma 0.84. Kuskuren awonsa zai zama 4, wanda ke nufin makin mutum na haƙiƙa yana iya kasancewa kusan 8 sama ko ƙasa da abin da ya samu. To wanda ya sami 62 da wanda ya sami 60 ba a ce ɗaya ya fi ɗaya ba. A ɗauke su a matsayi guda, a raba su da wata hujjar, kamar gwajin aiki ko ganawa.

Yadda za a haɗa makin hanyoyi daban-daban ma a rubuta shi tun farko, misali gwajin aiki kashi 40, ganawa 40, jarrabawa 20. Kuma wanda zai fassara gwajin hali ko basira ya zama an horas da shi a kan wannan gwajin. Rahoton da kwamfuta ta fitar ba ya maye gurbinsa.

Yanzu wasu kamfanoni suna tallar manhajojin da ke tace takardun neman aiki ko su saurari ganawar bidiyo su ba da maki. Hujjar da ake nema daga gwajin takarda ita ake nema daga gare su. A 2018 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya ruwaito cewa Amazon ya yi watsi da wata manhajar tace takardu da ya ƙera, bayan an gano tana rage wa takardun mata maki, saboda ta koyi aikinta ne daga takardun shekarun baya waɗanda galibinsu na maza ne. Dokar Tarayyar Turai ta 2024 kan ƙirƙirarriyar basira ta sa irin waɗannan manhajojin ɗaukar aiki cikin rukunin masu babban haɗari. Hukuncin ƙarshe ya zauna a hannun ɗan adam da zai iya bayyana dalilinsa.

Mataki na bakwai: rahoto da mayar da bayani

Rahoton da za a ba manaja ya tsaya a kan abin da aikin ke buƙata, da kalmomin da zai gane, ya kuma faɗi iyakar abin da sakamakon zai iya nunawa. Kada a liƙa wa mutum lakabi. "Ya sami maki ƙasa da matsakaici a tsara lokaci" bayani ne, "malalaci ne" zagi ne da zai bi shi cikin fayil shekara da shekaru.

Wanda aka gwada kuma a cika masa alkawarin da aka yi a takardar gayyata. Idan mutane dubu ne, gajeren saƙo mai nuna sakamako ya wadatar. Idan ma'aikacin cikin gida ne da ya nemi ƙarin girma bai samu ba, a zauna da shi a keɓe, a fara da jin yadda shi ya ga gwajin, a nuna masa inda ya yi ƙarfi, sannan abu ɗaya ko biyu da zai gyara da yadda za a taimaka masa. Gobe da safe zai dawo teburinsa, kuma yadda aka yi masa magana yau shi zai nuna irin aikin da zai yi.

Mataki na takwas: bita

Bayan an gama, mai aiki da mai gudanarwa su zauna su duba: an cim ma manufa, me ya tafi daidai, me ya karkace, ƙorafi nawa aka samu kuma yaya aka yi da su.

Lissafi biyu nake ba da shawarar a yi. Na farko na adalci ne. Ƙa'idojin gwamnatin Amurka na 1978 kan zaɓen ma'aikata sun kawo ma'aunin huɗu cikin biyar: idan yawan cin wani rukuni bai kai kashi 80 cikin ɗari na yawan cin rukunin da ya fi ci ba, akwai abin dubawa. A ce maza 100 suka zauna 50 suka ci, wato kashi 50. Mata 40 suka zauna 12 suka ci, wato kashi 30. Raba 30 da 50 ka sami 0.6, ƙasa da 0.8. Wannan bai tabbatar an yi zalunci ba, amma ya wajabta a koma a duba tambayoyin ɗaya bayan ɗaya, da lokacin da aka sa gwajin, da yadda aka tallata gurbin. Ana iya yin lissafin a kan jinsi, shekaru, harshen gida, ko irin makarantar da aka fito.

Na biyu yana buƙatar haƙuri. Ajiye makin waɗanda aka ɗauka, bayan wata shida zuwa shekara ka karɓi kimar aikinsu daga shugabannin da ba su ga makin ba, ka jera biyun gefe da gefe. Idan masu babban maki su ne masu kyakkyawan aiki, ma'auninka yana aiki. Idan babu wata alaƙa, koma mataki na farko ka sake zama da masu aikin. Bayanan waɗanda ba a ɗauka ba kuwa, da wa'adin da aka rubuta a yarjejeniya ya cika, a goge na kwamfuta, a ƙona ko a yayyanka na takarda, a rubuta ranar da aka yi da sunan wanda ya shaida.